Yaron da ba ya amsa sunansa: daga ina za a fara a Kumasi?

A gidajenmu na Aboabo da Asawase, idan yaro ya shekara biyu bai fara magana ba, abin da uwa ke ji daga bakin kaka shi ne, "Ki ƙyale shi, babansa ma sai da ya shekara uku." Wani lokaci gaskiyar kaka ce. Amma jinkirin magana daban, galahanga, wadda likitoci ke kira otizim, daban. Mai jinkirin magana kaɗai yana kallon idonki, ya nuna jirgi da yatsa, ya waiwayo ya ga ko kin gani. Mai galahanga kuwa sai ya ja hannunki ya ɗora a kan murfin kwano, bai ko dube ki ba. Idan ya shekara ɗaya ba ya waiwayowa in an kira sunansa, ko ya kai wata 18 ba ya nuni da yatsa, ko ya shekara biyu bai haɗa kalma biyu ba, a daina jira. In kuma ya fara cewa "mama" sannan kalmomin suka ɓace, gobe ma ta yi nisa.

A fara daga wurin awo, a nemi takardar turawa zuwa asibitin Komfo Anokye. Gwajin ji ake fara yi, domin kurumta ma tana hana amsa suna. Babu gwajin jini ko hoton ƙwaƙwalwa da ke nuna galahanga. Halin yaro ake dubawa, shi kuma a ɗakin likita sau da yawa kuka kawai zai yi. Don haka a je da bidiyo uku a waya, minti ɗaya ɗaya: yana wasa shi kaɗai, ana kiransa ta baya, yana neman wani abu. Idan yakan ƙame ya ƙura ido ko ya yi jijjiga, a faɗa, domin farfaɗiya takan zo tare da galahanga, ita kuwa tana da magani.

Kafin layin mai koyar da magana ya zo kanku, akwai aikin gida. A ɗauki hoton abu biyu da yake mutuwar so, misali kofinsa na koko da biskit, a wanke hoton, a manna a kwali. Mutum biyu ake bukata. Uwa tana gaba riƙe da kofin, ta yi shiru. Yayarsa tana baya, da ya miƙa hannu sai ta kama hannun ta sa shi ya ɗauki hoton ya ba uwar. Nan take a ba shi kurɓi ɗaya, a ce "koko". Minti biyar, sau uku ko huɗu a rana, yayar tana rage taimako a hankali. Inda ake ɓata aikin: a cika masa ciki a karo ɗaya, ko a yi ta tambayar "me kake so?" har ya saba jiran tambaya, ko a ba shi kofin don ya yi ihu. Nan ya koyi cewa ihu ya fi hoto saurin biya.

Kada a daina yi masa Hausa don wani ya ce Hausa da Tuwi da Turanci ne suka rikita shi. Yawan harsuna ba ya jawo galahanga, rigakafi ma haka. Addu'a kuwa a yi ta, amma duka da ɗauri da turnuƙe yaro da hayaƙi da sunan korar aljanu zalunci ne.

Dokar naƙasassu ta 2006 da manufar ilimin bai-ɗaya ta 2015 (wato koyar da yara masu bukata ta musamman tare da sauran yara) sun ba shi haƙƙin shiga makaranta, kuma akwai makarantar yara masu bukata ta musamman ta Garden City a Asokore Mampong. A kai takardar likita ofishin jin daɗin jama'a na asambili a yi masa rajista, domin akwai kason naƙasassu a cikin kuɗin da gwamnati ke rabawa gundumomi.

Yaran nan suna da sulalewa, kuma ruwa na jan hankalinsu. A gidan haya mai ƙofa ɗaya, da kwata da babura a bakinta, a sa sakata can sama inda hannunsa ba ya kaiwa, a rufe rijiya da durom, a ɗinka lambar waya a cikin rigarsa, a kuma shaida wa mai shagon bakin layi cewa in ya gan shi shi kaɗai ya riƙe shi.