Damisa ƙi sabo a duwatsun Tiyan Shan

Wata huɗu na farko da na yi a Bishkek ban taɓa ɗaga kai na kalli duwatsun da kyau ba. Karatun likita ne ya kawo ni Kirgizistan, na kuma sauka ana tsakiyar hunturu, lokacin da hayaƙin kwal ke lulluɓe garin har rana ta koma kamar tsohon faranti. Daga ɗaki sai marshrutka, ƙananan bas ɗin nan da ake cusa mutane kamar buhuna, daga marshrutka sai aji. Rashanci ya ƙi zama a bakina, Kirgizanci kuwa ko gaisuwa ban iya ba. Yara kan tsaya su zuba mini ido, manya su roƙi mu ɗauki hoto. Ba mugunta ba ce, amma mutum yana gajiya da zama abin kallo.

Wata farar dabba mai doguwar wutsiya da ke jikin tambarin birnin ce ta fara sa na yi tambayar da ba ta shafi haya ko hanya ba. Maigidan da nake haya a wurinsa direba ne, yana kai masu yawon buɗe ido cikin duwatsu. Ina ce masa baike, wato yaya, shi kuma yana ce mini inim, ƙanena.

"Ilbirs ke nan," in ji shi. "Damisar ƙanƙara."

"Baike, ka taɓa ganinta?"

Ya yi dariya. "Shekara ashirin ina hawa ina sauka, inim. Sawunta kawai na gani, shi ma sau biyu."

Nan take kirarin da muke yi wa tamu damisar ya faɗo mini: damisa ƙi sabo. Na yi ta fama in fassara masa da guntun Rashancina. Da ya gane sai ya nuna ni da yatsa, ya ce ashe ni ma ilbirs ne, tun da wata huɗu a gidansa ko shayi ban zauna na sha da su ba.

Da ƙanƙara ta fara narkewa ya ɗauke ni zuwa Ala-Arca, gandun da ke kimanin kilomita 40 kudu da birnin. Na je da takalmin zuwa aji, mai santsin ƙasa. Kafin mu kai magangarar ruwan Ak-Sai na zame sau uku, gwiwar wandona ta yage. Da muka haura wajen mita 3,000 kai ya fara sara mini, numfashi ya gajarce. Na karanta yadda ƙarancin iskar shaƙa ke yi wa jiki a littafi, har na ci jarrabawa a kai, amma ranar na san karatu daban, aiki daban. Ina zaune a kan dutse ina haki baike ya miƙo mini madubin hangen nesa. Can a jikin wani gangare da na rantse ko ƙadangare ba zai maƙale ba, ga teke bakwai, awakin dutse masu ƙaho kamar lauje, suna kiwo hankali kwance. Ya ce inda ka ga waɗannan, mai cinsu ba ta nisa, wataƙila ma tana kallonmu.

Daga ranar na kamu. Na fara karanta duk abin da na samu. Ƙasashe 12 ne kawai ke da wannan dabba, daga Afganistan da Pakistan zuwa Mongoliya da Rasha, kuma a nan Bishkek wakilansu suka taru a watan Oktoban 2013 suka sa hannu kan alƙawarin kare ta. Saboda haka ne 23 ga Oktoba ta zama ranarta. Duk duniya 'yan dubbai suka rage. Ba ta iya ruri irin na zaki. Wutsiyarta ta kusa mita guda, da ita take daidaita jiki in ta yi tsalle a kan gangare, da ita kuma take rufe hanci in ta kwanta cikin sanyi. Su ma masu hawan dutse sun ari sunanta: wanda ya hau ƙololuwa biyar masu tsayin sama da mita 7,000 na tsohuwar Tarayyar Sobiyet ana ba shi laƙabin Damisar Ƙanƙara, kuma uku daga ciki, Jengish Cokusu da Khan Tengri da Lenin, suna kan iyakokin ƙasar nan. Ni da na sha kashi a mita 3,000 sai dai in jinjina musu daga ƙasa.

Hutun bazara na biyu, baike ya samu aikin kai wasu masu binciken namun daji wani kwari a yankin Narin, ya ce in zo in taya ɗaukar kaya. Aikina batura da igiya. Suna ɗaure ƙananan kyamarori masu ɗaukar hoto da kansu in abu ya gifta, a gindin duwatsu da kan tsaunuka, wuraren da damisar ke tona ƙasa da ƙafafun baya ta fesa fitsari don sanar da 'yan uwanta ta wuce. Wata daga cikin masu binciken, wadda nake kira eje, wato yaya mace, ta sa na durƙusa na shinshina ƙarƙashin wani dutse. Warin ya daki hancina har idona ya kawo ruwa. Ta ce wannan bai fi kwana biyu ba. Da zanen jiki suke bambance damisoshin, domin babu biyun da ɗigonsu ya zo ɗaya.

A boz ui na wani dattijo makiyayi muka kwana, zagayayyen tantin da ake rufewa da gashin tumaki. Aksakal muke ce masa. Ya ba ni kimiz, nonon goɗiya mai tsami, ya zuba ido ya ga yadda fuskata za ta yi. Na shanye, ya ƙara mini. Da hira ta yi nisa ya kawo zancen daren da damisa ta dira cikin garkensa. A fili guda ɗaya take kamawa ta tafi, amma a rufaffen wuri, tumaki na ta zabura, sai ta yi ta kisa. Ya ce kyarkeci ya fi yi masa ɓarna a shekara, sai dai na kyarkeci kaɗan-kaɗan ne, nata kuwa dare ɗaya. Abin da ya fi ci masa rai shi ne baƙin da ke zuwa daga Turai da Amurka su biya dubban daloli su harbe arkar, ragon dutsen da take ci, sannan a zo a ce masa shi ya yi haƙuri.

Ban ga laifinsa ba. A 2017 an sauke dabbar daga jerin waɗanda ke bakin ƙarewa zuwa matakin da ke ƙasa da shi, masana suka yi ta gardama. A ƙarshen 2023 shugaba Sadir Japarov ya sa hannu ta zama alamar ƙasa. Duk da kyau, amma a ganina ragar waya da aka rufa wa garken aksakal, wadda masu binciken suka taimaka aka kafa, ta fi takardun nan tsare ran damisa. Tun da aka sa ta bai sake yin asara da dare ba, bai kuma sake neman tarko ba. Ya tuna shekarun bayan rushewar Tarayyar Sobiyet a 1991, da albashin masu gadin daji ya tsaya, fatar damisa guda ta fi abin da mutum zai samu a shekara.

Da kaka eje ta turo mini hoto ɗaya daga kyamarar da ni na ɗaure da hannuna. Na karkatar da ita ashe, don haka rabin hoton dutse ne. A gefen dama, ƙarfe huɗu da 'yan mintuna na asuba, ga ƙafar baya da wutsiya mai kauri tana ficewa. Na sauko da wayar wurin shayin yamma, matar baike ta matsa mini na zauna, wayar ta zaga hannu bakwai kafin ta dawo gare ni da maiƙon borsok, soyayyen ƙullin fulawarsu, a fuskarta.