Injin tsere da kuɗi kaɗan, abin da nike gaya ma samari a garajina

Wani ƙanen abokina ya shigo garaji da waya a hannu, yana nuna mini bidiyon Amurkawa suna tseren miƙe, mita 402 kawai, kwatan mil kenan. Ya ce Maigida, injin LS nike so, V8 mai silinda takwas na Chevrolet, ai can arha ne. Na ce mishi gaskiya ne can arha ne, don manyan motocinsu irin su Tahoe da Silverado sun cika wurin 'yan gwangwan, amma nan Maradi in pisto ɗaya ya tafi wa za ya kawo maka? Sai dai motar ta yi wata da watanni tana shan ƙura ƙarƙashin rumfata.

Ni dai abin da hannuna ya saba da shi ukku ne. K24 na Honda, lita 2.4, na cikin Accord ɗin 2003 zuwa 2007, ba nauyi, kuma kayanshi in na bugo waya Kano yau, jibi sun iso ta Jibiya. In ka sa shi cikin ƙaramar mota maras nauyi wallahi sai ka yi mamaki. Akwai 2JZ na Lexus GS300, silinda shidda a jere, jikinshi baƙin ƙarfe ne shi ya sa yake ɗaukar turbo, na'urar nan da ke tura iska da ƙarfi cikin injin, ba ya gajiya, sai dai suna ya yi mishi yawa, masu saidawa sun gane, sun tsauwala kuɗi. Wanda nike ƙauna shi ne 1UZ na LS400, V8 lita 4, a 1989 aka fara yinshi, ƙarfin doki wajen 250 ba tare da ka taɓa komai ba, daga tashi yake fizga.

Maganar turbo kuma, nan ne nike ja da yara sosai. Zafin Afrilu ya haura digiri 40, ga esansin kwalba na bakin hanya da ba ka san me aka gauraya ba, ka ƙara mishi iska da ƙarfi, ai juwan kilas, shimfiɗar nan da ke tsakanin kan injin da jikinshi, ita ce za ta fara tafiya. Bara na kwance wani injin mai turbo, bujin sun yi fari fat, kan pisto ɗaya ya narke kamar an ɗiga mishi dalma, raina ya ɓaci don na san yadda mai shi ya tara kuɗin.

Yaron dai K24 muka tsaida da shi, sauran kuɗin radiyata babba da ambiriyaji da birki. Na kuma gindaya mishi sharaɗi gaban yayanshi, ba gwaji bisa titin Ɗan Isa inda kaya da amalanke ke bi, in na ji labari kar ya sake kawo mini motar.