Inda kuɗin makarantun talakawa ke zurarewa a Amurka

A Amurka gundumar makarantu ce ke ɗaukar malamai da tsara kasafi, kuma kaso mai tsoka na kuɗinta daga harajin gidaje da filayen yankin yake fitowa. Unguwar talakawa gidajenta ba su da tsada, don haka harajin bai taka kara ya karya ba. Jiha takan cike wani giɓin. Gwamnatin tarayya kuwa abin da take bayarwa bai wuce kusan kashi 10 cikin 100 ba, ciki har da tallafin Title I na dokar ilimi ta 1965, wanda ake ware wa makarantun da ke da yaran talakawa da yawa.

Aiki a irin wannan gunduma yana koya wa mutum ya buɗe rajistar halarta kafin ya duba makin jarrabawa. Shekarar karatu kusan kwana 180 ce. Yaron da ya yi fashin kwana 18 ya shiga sahun masu yawan fashi, alhali kwana biyu ne kacal a wata, shi ya sa ido ba ya kai wa gare shi. Jimillar halartar makaranta takan rufe wannan ɓarna. Sai an fitar da sunayen yara ɗaya bayan ɗaya kowane mako, a kira iyaye tun fashi na uku, a gano ko motar makaranta ce, ko ciwon asma, ko an tashe su daga gidan haya.

Ƙarin darasi yana da amfani ƙwarai, amma da sharaɗi: sau uku a mako, minti 30, yara uku ko huɗu, malami ɗaya ba a sauya shi, kuma cikin lokacin makaranta. Idan aka mayar da shi bayan an tashi, waɗanda suka fi buƙata su ne ba sa tsayawa, don wani zai je rainon ƙanne, wani motar za ta tafi ta bar shi.

Abin da ya fi ciwo shi ne tallafin da gwamnatin tarayya ta ba makarantu lokacin annobar korona, kusan dala biliyan 190, wanda wa'adinsa ya cika a Satumban 2024. Gundumar da ta ɗauki ma'aikatan dindindin da kuɗin wucin gadi ta koma rage ma'aikata. Inda ake fara sallamar sabbin ɗauka, makarantun da suka fi talauci ne ke rasa malamansu, domin can sabbin suka fi yawa.