Fasassun tangaran na kasuwar Toji

Yau 21 ga wata, ranar kasuwar Toji kenan, wadda ke ci a harabar wani tsohon wurin ibada a birnin Kyoto na Japan, tunda na idar da asuba ban koma ba, don in ka bari rana ta ɗaga to 'yan yawon buɗe ido sun gama tsince na kirki. Abban yara yana ganin na ɗauki jaka ya ce wai kwalin da ke ƙarƙashin gado bai ishe ni ba? Na ce ranka ya daɗe a yi haƙuri, na ƙarshe ne. Shi da ni duk mun san ba na ƙarshen ba ne.

Daga tashar jirgin Kyoto tafiyar minti goma sha biyar ce a ƙafa, tun daga nesa kana hango hasumiyar katakon nan mai hawa biyar. Ban tsaya kallon kimono ko tsofaffin agogo ba, kai tsaye na wuce wurin tsohon da nake ciniki da shi, yana da wani kwando da yake zuba fasassu da masu tsaguwa, ni kuma su ne abin nemana, don da su nake yin sarƙa da 'yan kunne. Yau ya ƙara min karatu. Ya ɗauko tsingaro biyu ya ce in duba, ɗaya shuɗinsa a kwance yake kamar ya ɗan sha toka, kana ganin inda alƙalamin mai zanen ya yi nauyi da inda ya yi sauƙi, wannan aikin hannu ne na zamanin Edo. Ɗayan kuma shuɗin ya yi kauri har yana ɗaukar ido, in ka ƙura ido za ka ga inda zanen ya hau kan ɗan'uwansa, wai da takarda ake manna shi, aikin bayan 1868 ne da aka shiga zamanin Meiji. Duka Imari yake ce musu, alhali a garin Arita ake ƙera su tun wajajen 1616, Imari tashar jirgin ruwa ce kawai da ake lodinsu, sunan sai ya bi kayan har Turai ta hannun 'yan Holan.

Na kwashi guda tara, ya kuma lallaɓe ni na sayi wani ɗan kofin miyar soba (taliyar Japanawa) lafiyayye, ko ƙwarzane babu.

Da na dawo na shimfiɗa jarida a baranda na ɗauko filaya da kwanon ruwa, don a cikin ruwa nake goge bakin saboda ƙurar tangaran ba abin shaƙa ba ce. Akwai wani yanki mai tsuntsu, dogon wuya kamar zalɓe, tun a kasuwa na gama ƙulla masa sarƙa a raina. Ina matsa filayar sai ji na yi ƙas, wallahi ta tsakiyar wuyan ya rabe!! Na yi zaune na fi minti biyar ina kallonsa. Daga baya dai na goge su biyun na mai da su 'yan kunne, ɗaya kai ɗaya fiffike, ba su yi daidai da juna ba amma sun fi sarƙar da na yi niyya kyau, ko dai ni ce nake lallashin kaina oho.

Bakin kuma da gam da garin tagulla na zagaye shi. Masu kintsugi na gaske, wato gyaran fasasshen tangaran irin na Japanawa, da ƙaron itacen urushi suke yi da garin zinare, sai an sa shi a akwati mai laima kwana da kwanaki kafin ya bushe, na gwada sau ɗaya bara hannuna ya yi ruɗu-ruɗu da ƙaiƙayi sati biyu, tun daga nan na kama kaina. Shi ya sa in zan sayar nake faɗa wa mutum gaskiya ba zinare ba ne.

Kofin sobar kuwa na ɗora filaya a bakinsa na kasa. Abin da ya shekara ɗari da wani abu bai fashe ba, ni ce zan fasa shi saboda ɗan kunne? Na wanke shi na sha shayi a ciki.

Da daddare na kira Umma, su lokacin azahar ta yi, na nuna mata ta bidiyo, ta yi dariya har da tari ta ce "Au, gyartai kika je Japan kika zama?" Sai kuma ta ce in ajiye mata na fiffiken. Na ce Umma ai kunne biyu gare ki, ta ce to duka biyun. Gobe sai na je sayen maƙalai, na azurfan sun ƙare.