Tsohuwar waya da mataccen caja, ina ya kamata su je?

Kusan kowane gida akwai wata durowa ko kwali da aka cusa wayoyin da suka mutu, da cajojin da babu mai aiki a cikinsu, da iyafis mai kunne ɗaya, da rimot ɗin talabijin ɗin da shi kansa ya daɗe da lalacewa. Ranar da aka tashi gyaran ɗaki kuma sai a kwashe su gaba ɗaya a zuba a kwandon shara, to ni gaskiya wannan abun yana damuna sosai.

Rahoton da Majalisar Ɗinkin Duniya ta fitar a 2024 ya ce a shekarar 2022 kaɗai duniya ta zubar da tan miliyan 62 na irin waɗannan kayan, kuma wanda aka tattara aka sarrafa yadda ya kamata kimanin kashi 22 cikin ɗari ne kawai. Sauran fa? Wasu an binne, wasu suna jibge a bola ruwan sama na dukansu, wasu kuma an cinna musu wuta don a ciro jan ƙarfen da ke cikin wayoyin wuta, kuma hayaƙin robar nan baƙi ƙirin guba ne, mai ƙonawar shi ke fara shaƙa sannan maƙwabta, sau da yawa ma yara ne ke wannan aikin. Tsohon talabijin mai ƙusumbi gilashinsa akwai dalma a ciki, dalma kuwa tana taɓa ƙwaƙwalwar yaro, ba abun wasa ba ne.

Amma abun da ya fi tsorata ni shi ne batir. Batirin waya da na laftof da fawa bank duk na litiyam ne, in aka matse shi ko aka huda shi yana iya kamawa da wuta nan take, shi ya sa ake yawan samun gobara a motocin kwasar shara da wuraren tara ta, mutum ɗaya ya jefa nasa cikin leda ya manta, motar ta danne shi, shikenan. In ka ga bayan wayarka ya ɗago ko sikirin ya fara buɗewa ta gefe, batirin ne ya kumbura, don Allah ka daina sa ta a caji, kar ka danna shi, kar ka ce bari ka tsire shi da allura iskar ta fita, wallahi akwai masu yin haka. Ka ajiye ta nesa da katifa da labule da zafin rana har ka kai wa mai gyara. Batirin da ka cire kuma ka manna salatif a kan ƙarfen bakinsa kafin ka haɗa shi da wasu.

A ganina ajiyar ma ita kanta asara ce. Wayar da ka daina amfani da ita yau, in ka bayar da ita yanzu wani zai more ta, ɗalibi ko ƙaninka ko wani dattijo da kira kawai yake buƙata, amma in ta kwana shekaru a durowa batirin zai mutu, manhajoji su daina hawa kanta, ta koma ba ta da amfani ga kowa. Don haka in kaya na aiki a sayar ko a bayar da wuri. In ƙaramar matsala ce a gwada gyara tukuna, fanka da dutsen guga sau da yawa waya ce kawai ta tsinke a ciki.

Kafin ta bar hannunka dai ka kwashe hotunanka, ka cire sim da memori, ka fita daga asusunka na Google ko iCloud sannan ka yi mata fomatin. In ka goge ba ka fita ba, tana iya kullewa a hannun wanda ka ba, ya yi ta nemanka.

Wanda ya mutu murus kuwa sai a nemi masu sake sarrafawa. Kamfanoni irin su Apple da Samsung suna karɓar tsofaffin kaya a ƙasashe da dama, wasu shagunan ma suna rage maka kuɗin sabo in ka kawo tsoho. Kuma akwai dukiya a ciki fa, zinare da azurfa da jan ƙarfe, lambobin yabon gasar Olamfik ta Tokyo ma daga tsofaffin wayoyi da ƙananan na'urorin da mutanen Japan suka tara aka ƙera su. In masu sayen tsofaffin ƙarafa za ka ba, ka tambaye su ina suke kaiwa, kwancewa ake yi ko ƙonawa. Firji da na'urar sanyaya ɗaki kuma kar ka yarda a fasa bututunsu a tsakar gida, gas ɗin ciki sai mai kayan aiki ya zuƙe shi tukuna.