Neman majinyaci na biyu

Kundin gadon ɗan Adam yana ɗauke da haruffan DNA kimanin biliyan 3, kuma idan aka karanta na mutum guda aka gwada shi da wanda masana suka ɗauka a matsayin ma'auni, za a tarar da wurare miliyan 4 zuwa 5 da suka saɓa. Mafi yawan waɗannan bambance-bambance ba su da illa. Aikin likitan da aka kawo wa yaro mai ciwon da ba a saba gani ba shi ne ya zaƙulo guda ɗaya ko biyu da suka jawo matsalar, kuma ko da ya yi zargin wani sauyi a wata ƙwayar gado, zargin ba ya zama hujja sai an sami wani majinyacin, daga wani dangi dabam, mai irin wannan sauyi da irin waɗannan alamu. Wannan majinyaci na biyu yana iya kasancewa a wata nahiya, a hannun likitan da bai taɓa jin sunan na farkon ba.

Shi ya sa nake ɗaukar haɗin gwiwa tsakanin masana ƙwayoyin gado a matsayin kayan aiki, daidai da na'urar da ke karanta DNA. Akwai tsarin da ake kira Matchmaker Exchange, wanda ya haɗa rumbunan bayanai irin su GeneMatcher da DECIPHER da PhenomeCentral. Likita yana shigar da sunan ƙwayar gadon da yake zargi, a wasu rumbunan har da alamun ciwon, ba tare da sunan majinyaci ba, idan kuma wani ya riga ya shigar da makamancinsa, sai a sanar da su biyun su tuntuɓi juna. Ta wannan hanya aka tabbatar da sanadin cututtuka masu yawa, iyayen da suka yi shekaru suna yawo daga asibiti zuwa asibiti suka sami sunan abin da ke damun ɗansu. Samun suna ba ya nufin samun magani, amma yana kawo ƙarshen gwaje-gwaje marasa amfani, yana kuma bai wa iyaye damar sanin yiwuwar maimaituwar ciwon a haihuwa ta gaba, kuma ban ɗauki wannan ƙaramin abu ba.

Al'adar buɗe bayanai tana da asali. A 1996 masu aikin karanta kundin gadon ɗan Adam suka taru a tsibirin Bermuda suka amince cewa duk abin da aka karanta za a sake shi ga kowa cikin sa'o'i 24, kuma da wannan ƙa'ida cibiyoyi a Amurka da Birtaniya da Japan da Faransa da Jamus da Sin suka kammala aikin a 2003. Sai dai bayanan majinyaci ba za a watsa su haka ba, domin DNA ɗin mutum yana tona asirin iyayensa da 'yan uwansa da 'ya'yansa, waɗanda ba a nemi izininsu ba. Ƙungiyar Global Alliance for Genomics and Health, da aka kafa a 2013, ta duƙufa kan wannan matsala, tana tsara ƙa'idojin rubuta bayanai da na neman izini, har da hanyar da mai bincike zai aika tambayarsa zuwa rumbun wata ƙasa ya karɓi amsa, bayanan kuwa suna nan inda suke. Aiki ne da ba ya jan hankalin 'yan jarida, amma in babu shi, ɗakunan gwaje-gwaje biyu za su rubuta abu ɗaya ta hanyoyi biyu, su kasa gane cewa magana ɗaya suke yi.

Inda raina ya fi tsayawa shi ne tambayar su wa ke cikin rumbunan. Wani nazari na 2016 ya nuna cewa kusan kashi 81 cikin 100 na mutanen da aka yi manyan binciken gado a kansu 'yan asalin Turai ne, alhali Afirka ce ta fi kowace nahiya yawan bambancin gado. Illar wannan giɓi ta isa gadon asibiti. A shekarar ce aka wallafa binciken da ya gano cewa an shaida wa wasu baƙar fatar Amurka suna ɗauke da sauyin da ke jawo ciwon kaurin tsokar zuciya, daga baya aka gane sauyin ba shi da illa, ya yawaita ne kawai a tsakanin masu tushen Afirka. Da an saka ko da 'yan kaɗan daga cikinsu a rukunin masu lafiya da aka yi kwatance da su, da kuskuren bai faru ba.

Shirin H3Africa na binciken gado da lafiya a Afirka, wanda hukumar binciken lafiya ta Amurka (NIH) da gidauniyar Wellcome ta Birtaniya suka ɗauki nauyinsa, ya fara raba tallafi a 2012 bisa sharaɗin cewa masanan Afirka ne za su jagoranci ayyukan. An kafa ma'ajiyar samfura a Najeriya da Uganda da Afirka ta Kudu, aka kuma gina haɗakar cibiyoyi mai suna H3ABioNet, wadda Jami'ar Cape Town ta jagoranta, domin horar da masu nazarin bayanai da kwamfuta. A 2020 suka wallafa sakamakon karanta kundin mutum 426 daga ƙabilu 50 a ƙasashe 13, suka sami bambance-bambance sama da miliyan 3 da ba a taɓa rubuta su ba. Wani sharaɗi nasu da nake yabawa shi ne wa'adin da ake bai wa waɗanda suka tattara samfura su fara nazari kafin a buɗe wa manyan cibiyoyin waje, domin wanda ya fi ƙarfin kwamfuta zai riga kowa wallafawa idan aka saki bayanai rana ɗaya.

Amana ce ke riƙe duk wannan, kuma an ga yadda take taɓuwa. A Nuwamban 2021 masana a Botswana da Afirka ta Kudu suka gano sabon nau'in korona da aka sanya wa suna Omicron, suka sanar da duniya cikin kwanaki, suka saka bayanansa a GISAID, rumbun da masana na duniya ke musayar bayanan ƙwayoyin cuta a cikinsa. Sakayyar da suka samu ita ce ƙasashe da dama suka hana shiga daga yankin, zirga-zirgar jiragen da ke kawo musu sinadaran gwaji ma ta ragu. Duk ministan lafiyar da ya ga wannan zai yi tunani sau biyu kafin ya bari a sanar da irin wannan abu nan gaba, kuma ina jin tsoron hakan ƙwarai.

Sauran damuwata ita ce kuɗi. Tallafin H3Africa na shekara goma ne, ya ƙare a 2022, amma samfuran da aka ajiye suna bukatar firiji mai tsananin sanyi da wutar da ba ta yankewa, rumbunan bayanai suna bukatar masu kula da su, matasan da aka horar kuma suna bukatar albashi da ɗakin gwaji, in ba haka ba cibiyoyin Turai da Amurka za su ɗauke su. Ina ganin lokaci ya yi da gwamnatocin da 'yan ƙasarsu suka ba da jini da yawu domin waɗannan ayyuka za su sanya kula da ma'ajiyoyin da ma'aikatansu cikin kasafin kuɗin lafiya na kowace shekara.