Tarihin Rayuwata, Kashi na 17: Kada Bakinka Ya Riga Idonka

Assalamu alaikum. A makon jiya na yi alkawarin ci gaba da labarin komawarmu Tudun Wada bayan rasuwar Goggo, amma ku yi mini afuwa, wannan zai jira. Abin da ya faru a tsakaninmu masu kallon tsuntsaye na Zariya ya tsaya mini a rai, ya kuma dawo mini da maganar Kawu, Allah ya jiƙansa, wadda kun sha ji daga gare ni: "Kai yaro, kada bakinka ya riga idonka."

An sake baza labari wai an ga gauraka a madatsar ruwan Kubanni da ke Samaru. Mutumin nan ne dai, ba zan kama sunansa ba, ya san kansa. Babu hoto, babu ƙarfe nawa ne, babu gefen da ya tsaya. Yara masu himma suka kashe kuɗin mota daga Sabon Gari da Wusasa, suka je suka tarar da zalɓe tsaye a bakin ruwa.

Ba a rikita waɗannan biyun in har an duba. Zalɓe idan ya tashi naɗe wuyansa yake yi, kai ya koma tsakanin kafaɗu, ƙafafu kaɗai ke miƙe ta baya. Gauraka kuwa wuya a miƙe take tashi, ga babban fari a fiffike, ga tukkun nan mai ruwan zinare a ka. Shamuwa ma wuya a miƙe take tashi, sai dai ita baƙa ce mai farin ciki da farin ƙugu, kuma ba ta kai girman gauraka ba. Sannan ko da gaurakar ce da gaske, akwai sauran tambaya: ta daji ce, ko ta gidan wani mai hali ce ta tsere? Tsuntsuwar nan da ake ɗauka alamar ƙasarmu ta kusan ƙarewa a dazukan Najeriya, waɗanda ake gani yanzu galibi na kiwo ne. Wanda ya ce ya gan ta a Samaru dole ya zo da shaida mai ƙarfi.

Zalɓen ma iri biyu ne ake yawan gani a nan, kuma rahoton da ya ce "zalɓe" kawai bai gama aiki ba. Mai ruwan toka yana da baki rawaya-rawaya, kusan kullum a bakin ruwa yake, ƙarƙashin fiffikensa toka ne bai ɗaya. Mai baƙin kai yakan bar ruwa ya shiga saura da gonakin da aka girbe yana farautar ɓera da fara, in ya tashi za ka ga ƙarƙashin fiffikensa fari ta gaba, baƙi ta baya. Haka balbela: bakinta rawaya ne gajere, da damina takan yi ja-ja a ka da ƙirji da baya. Farin tsuntsun da ke tsaye cikin ruwa mai siririn baƙin baki, baƙaƙen ƙafafu da rawayan yatsu, wannan ba balbela ba ce, ɗan'uwanta ne.

Kawu bai taɓa riƙe madubin hangen nesa ba. Fadamarsa ta bakin Galma ce makarantarsa. In na ce, "Kawu, ga shaho can," ba ya ɗaga kai, sai ya ce, "Wutsiyarsa fa?" In na yi shiru ya ce in koma in duba. Shirwa ce, mai tsagaggiyar wutsiya. Tambayoyinsa su ne har gobe nake ɗora sababbin shiga a kai: girmansa kamar gwara ne, ko kurciya, ko hasbiya, ko hankaka? Bakin gajere ne mai kauri irin na masu cin hatsi, ko siriri irin na masu cin ƙwari, ko lanƙwasasshe? Ƙafa wane launi? A ƙasa yake ko a ƙololuwar itace, tsalle yake ko tafiya? Ya yi kuka? Launin jiki shi ne ƙarshen abin da ake tambaya, domin haske na yaudara, hazo kuma ya fi shi.

Tunda na ambaci shirwa, ga wani tarko. Tamu ta Afirka bakinta rawaya ne, wadda ke zuwa daga Turai da rani bakinta baƙi. To amma 'ya'yan tamu ma baƙin baki gare su kafin su manyanta. Duk shekara sai an sami mai shelar baƙuwar shirwa alhali ƙaramar ta gida ya gani. Mulufi shi ma haka: jan nan da baƙin da ke ɗaukar ido a gonar dawa tufar damina ce ta namiji, da rani ya zubar da ita ya koma kamar matarsa, sai ka rantse gwara ne. Zalaidu in ya yar da doguwar wutsiyarsa ba kowa ke gane shi ba. A irin wannan hali ka rubuta "ban tantance ba". Ba abin kunya ba ne, kuma ya fi amfani ga na baya.

Abin da ke ƙona mini rai shi ne Zariya ba baƙuwa ba ce a wannan fage. An kafa Jami'ar Ahmadu Bello a 1962, kuma a shekarun nan na farko Hilary Fry ya koyar a cikinta. Shi da John Elgood na Ibadan da Robert Sharland na Kano suka kafa ƙungiyar masana tsuntsaye ta Najeriya a 1964, da mujallarta wadda a 1979 ta koma Malimbus ta Afirka ta Yamma baki ɗaya. A rafukan kewayen garin nan Fry ya yi nazarin koren tsuntsun nan mai jan maƙogwaro, mai cin ƙudan zuma, wanda ke haƙa ramuka jere a gaɓar rafi da bangon kwazazzabo. Suna haƙawa a ƙarshen damina tun ƙasa na da laushi, su yi ƙwai da rani, kuma a wasu ramukan akan sami na uku yana taya iyaye ciyar da 'ya'ya. An san wannan ne saboda wani ya zauna ya duba ya rubuta a daidai lokacin. Da irin rahoton mutumin nan aka yi aiki a wancan zamani, da yau ba mu da abin da za mu gwada namu da shi.

Don haka ga abin da saƙon rahoton ganin tsuntsu zai ƙunsa kafin a tura wa 'yan'uwa masu kallon tsuntsaye. Kwanan wata. Wuri dalla-dalla: "Kubanni" bai isa ba, a ce ta wajen bangon madatsa ko ta inda rafi ke shigowa. Lokacin farawa da na tashi. Yanayi, ko hazo ko gajimare ko iska. Sunan tsuntsu da adadinsa, da abin da yake yi, musamman in yana ɗauke da ciyawar sheƙa ko abinci a baki, don wannan shaida ce ta hayayyafa. In baƙo ne, a haɗa da hoto ko da dishi-dishi ne, ko a naɗi kukansa a waya na daƙiƙa 20 zuwa 30 ba tare da ana magana ba. A rubuta bayanin a littafin aljihu tun tsuntsun na gabanka, kafin a buɗe littafin hotuna. In ka fara buɗe hotuna, idonka zai ga abin da ke takarda, ba abin da ke kan reshe ba. Da fensir ake rubutu, biro na zuba in ruwa ya taɓa.

Ƙidaya ma da hanyarta. Garken kirinjijiya a kan ruwa ba a bin sa ɗaya-ɗaya. Ka ƙirga goma sosai, ka riƙe faɗin da suka ci a idonka, ka riƙa aza wannan faɗi a kan sauran. In sun yi yawa ka koma hamsin-hamsin. Ka maimaita daga ɗaya gefen, ka ɗauki ƙaramin adadin, ka sa "kimanin" a gaba. Jan-baki in sun taso kan gero, nan ƙiyasi kawai ake yi, a kuma faɗa cewa ƙiyasi ne.

Madubi mai lamba 8x42 ya wadatar. Takwas ɗin ninkin kusantowa ne, 42 faɗin gilashin gaba ne a milimita. Mai 10 ya fi jawo nesa amma ya fi rawa a hannu, kuma filin da yake nunawa ƙarami ne. Masu lamba 20 ko 30 da ake tallarsu da araha, a bar su. Yawancin masu cewa madubi na sa su ciwon kai ba su daidaita shi ba ne. Ka lanƙwasa shi har da'ira biyun su zama ɗaya. Ka rufe gilashin dama da tafin hannu, ka juya mazarin tsakiya har abin da kake kallo ya fito tas a idon hagu. Sai ka rufe na hagu, ka juya zoben da ke jikin idon dama shi kaɗai, kada ka taɓa na tsakiya. Daga nan na tsakiya kawai za ka riƙa juyawa. Idonka na kan tsuntsu za ka ɗaga madubin zuwa fuska, in ka sunkuya ka kalli madubi ka rasa shi. Da hunturu ƙura ce ke kashe gilashi: a hure ta tukuna, a share da burushi mai laushi, sannan a goge da ƙyalle na musamman. Goga bakin riga a kan ƙura karce gilashi yake yi, kuma ba ya gyaruwa. Da damina kada a rufe shi da danshi cikin jaka, fumfuna na tsirowa ta ciki.

Ana fita bayan sallar asuba, a yi aiki daga ƙarfe 6:30 zuwa wajen 9:30, rana na bayanka. In sanyi ya tsananta tsuntsaye kan makara, ba sai an yi gaggawa ba. Dutsen Kufena na kazar dutse ne, da sassafe za ka ji su suna amsa wa juna kafin ka gan su, da jajayen ƙafafu da wutsiya a ɗage. Kubanni da tafkin Bomo da bakin Galma sun fi armashi daga Fabrairu zuwa Afrilu, lokacin da ruwa ya ja baya taɓo ya fito, tsuntsayen bakin ruwa masu dogayen ƙafa da suka zo daga Turai tun Satumba da Oktoba suna cika ciki kafin su sake tsallaka Sahara. Nan ne zakaran ƙeƙuwa zai tona maka asiri da kururuwa in ka matsa da yawa. A gonaki da saura akwai tsanwaka a kan waya, cilakowa mai jan baki da mai ruwan toka, suda a cikin sarƙaƙiya, ragon maza yana rarrafe a gindin ciyawa.

A gaida mai unguwa ko mai gona kafin a shiga, a nuna masa littafin hotuna, a faɗi abin da ya kawo mutum. Kada a juya madubi wajen gidajen mutane. Kusa da bariki ko filin jirgi kuwa a bar shi cikin jaka.

Yaran yanzu sun sami abin da mu ba mu samu ba. Cibiyar nazarin tsuntsaye ta A. P. Leventis da ke Jos ta fara aikin taswirar tsuntsayen Najeriya a 2015. An yanka ƙasar gida-gida, kowane gida minti 5 na ma'aunin taswira (ba na agogo ba) a tsaye da kwance, wato kimanin kilomita 9 kowane gefe. Da manhajar BirdLasser ake shigar da abin da aka gani. Cikakken kati, wato jerin tsuntsayen da aka gani a gida ɗaya, na buƙatar aƙalla awa 2 a cikin gida ɗaya, ana iya ƙarawa har kwana 5, ana jera tsuntsaye bisa yadda aka gan su, ana kuma ƙoƙarin taka kowane irin wuri, ruwa da dutse da gona da cikin gari. Hankaka da kurciya ma sai an sa su. Wasu na tsallake su wai sun yi yawa, alhali ungulu ma da haka take. A da rimayen cikin birni da mahauta cike suke da ita, ba wanda ya damu ya ƙirga, ga shi tun 2015 tana cikin jerin waɗanda ke gab da ƙarewa a duniya.

Wannan ya kawo ni ga abin da ban yafe ba. Shekarun baya, tun kafin auren Auta, akwai tsirya da ke hayayyafa a kogon wani itace da mu kaɗan muka sani. Mutumin nan ya ji, ya baza wurin har da kwatancen hanya don a ce shi ya gano. Kafin 'ya'yan su yi fiffike an hau an kwashe su, sun tafi keji. Tsiryar ba ta sake komawa kogon ba. Kawu ya yi maganar baki da ido a kan faɗin abin da ba ka gani ba, amma ni na ga ta hau har kan faɗin abin da ka gani a inda bai kamata ba. Sheƙar tsirya, ta ungulu, ta mujiya, da wurin kwanan kanari, ba a sa su a saƙon jama'a. Masu tarko da masu sayen sassan tsuntsu don magani su ma suna da waya. A faɗi unguwa ko gunduma kawai, ainihin wurin a bar shi tsakanin mutum biyu ko uku da aka amince da su, kuma kada a tsaya kusa da sheƙa har uwa ta tashi ta bar ƙwai a rana.

Shamuwa kuwa a Afrilu ko Mayu take sauka gabanin ruwa, ta koma kudu in damina ta ƙare. Roƙona ga duk wanda ke da itacen da take sheƙa a unguwarsu, ya rubuta ranar da ya fara ganinta, irin itacen, da yawan sheƙar da ke da tsuntsu a ciki, ba tsofaffin da aka bari ba. Ya sake ƙirgawa a Yuli lokacin da 'ya'ya ke leƙowa. Ranar da ka gani da idonka za ka rubuta, ba wadda yara suka gaya maka ba. In daga bakin wani ka ji, ka sa "an ce". Mako mai zuwa in Allah ya kai mu sai mu koma Tudun Wada, da yadda aka raba fadamar Kawu.